Kira ga Hukuma: A Duba Mana Idanunmu Tun Suna Gani

Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Masu Girma Gwamnonin jihohin Arewa, Masu Girma kwamishinonin lafiya da na ilimi da na muhalli, shugabannin ƙananan hukumomi, Masu Martaba Sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku, da malamanmu masu daraja.

Ina neman izinin gabatar da kuka a gabanku, kuma a bainar jama'a, domin abin da zan faɗa babu gidan da bai shafa ba. Kukan ido ne, kuma wata yarinya ce ta sa na ɗauki alƙalami. 'Yar maƙwabcina ce, shekararta 14, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ta fara cewa tana ganin wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo a gabanta kamar ƙudaje, daga baya hazo ya rufe mata idon dama. Idon bai kumbura ba, bai yi kwantsa ba, ja ma kaɗan ya yi, sai aka ce ko yawan karatu ne da fitila. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis, aka sa mata kwalli, aka yi tofi. Sai da aka shafe wata huɗu mahaifinta ya haɗa kuɗin mota ya kai ta birni. Likitan ido ya ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ya haska ciki, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce akwai tabo a can ƙuryar idon, daidai wurin da mutum ke karatu da gane fuska da shi. Ya tambaya ko akwai kyanwa a gidan, da irin ruwan da suke sha, da ko tana wasan ƙasa lokacin ƙuruciya. Sunan cutar da ya faɗa musu toksoplasma. Mahaifinta bai taɓa jin wannan suna ba, ni ma sai ranar na fara ji. Yau idan ka dubi yarinyar idanunta garau suke, amma da na dama ko babban baƙi ba ta iya karantawa, kuma likita ya ce tabon ba ya gogewa.

Ranka ya daɗe Mai Girma Minista, abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan cuta tsohuwa ce a wurin masana. Tun shekarar 1908 aka gano ƙwayarta, a Tunis da kuma Brazil, kuma tun wajen 1970 aka tabbatar a cikin hanjin kyanwa da danginta ne kaɗai take yin ƙwayayen da ke fita tare da kashi. Kyanwa na ɗaukar ta ne idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita, sai ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da miliyoyin ƙwayayen da ido ba ya gani. A ƙasa mai laima suna iya yin shekara guda da ransu. Tumaki da awaki da kaji su ci su a wurin kiwo, cutar ta kwanta a namansu; ruwan sama ya wanke su zuwa rijiya da lambu; yaro ya kwaso su a farce. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa, galibinsu ba su ko ji a jikinsu ba, sai dai wasu ƙwayar na wucewa ta sauka a tantanin bayan idonsu, ta ci wurin ta bar tabo, ta kwanta, bayan shekaru ta sake tashi daga gefen tabon. Duk wannan sananne ne a ɗakunan karatun likitoci, amma bai iso zaurenmu ba. Muna jin faɗakarwa a rediyo kan zazzaɓin cizon sauro da kwalara da shan inna, kuma mun ga amfaninta. Muna roƙon ma'aikatarka ta shirya irin wannan faɗakarwa da Hausa da Fulfulde da Kanuri, a taƙaice, a riƙa maimaitawa, har uwa ta san cewa ɗigo-ɗigon da ke yawo a idon ɗanta tare da hazo dalili ne na zuwa asibiti a makon nan.

Allah ya taimaki Sarakuna, Allah ya ƙara wa malamai daraja, akwai abin da nake tsoro, kuma ku ne maganinsa. Ina tsoron labarin ya bazu rabi da rabi, gari ya waye yara na bin maguna da duwatsu, manya na zuba musu guba. Dama wasu na ɗauke da camfi a kan baƙar kyanwa, kaɗan suke jira. Alhali kyanwa ce mai gadin rumbu da shago, kuma ɓeran da take kama mana shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Shafa bayanta ba shi ne hanyar kamuwa ba. Haɗarin yana cikin kashinta, kuma shi ma sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa kafin ƙwayayen su nuna su iya kama mutum, ma'ana wanda ke kwashe shi kullum da safe ya binne, ya wanke hannu da sabulu, ya toshe hanya babba. Malamai sun fi ni sanin matsayin kyanwa a addini, da gargaɗin da ya zo a kan matar da ta tsare ta ba ci ba sha, sun kuma fi ni sanin hukuncin tsarki da najasa. Roƙona shi ne a haɗa waɗannan biyun a huɗuba ɗaya da karatu ɗaya: tausaya wa dabba, da tsabtace wurin da take ba-haya. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su isar da saƙon gida-gida, a kuma gaya wa magidanta su ɗauke wa mace mai ciki wannan aiki, su daina jefa wa kyanwa ɗanyen nama da kayan ciki.

Masu Girma kwamishinonin lafiya, a wurin awon ciki ne zan fi daɗewa, domin nan ne asarar ta fi muni. Macen da ta kamu da toksoplasma karon farko tana da juna biyu na iya miƙa wa ɗan da ke cikinta. Idan a farkon ciki ne, ba kasafai take ratsawa ba, amma in ta ratsa ɓarnar babba ce: ɓari, ko a haifi jariri da ruwa a kai, ko farfaɗiya, ko idanu masu tabo. Idan a ƙarshen ciki ne, ta fi saurin ratsawa, sai a haifi yaro lafiya lau a ido, a yi suna a yi shagali, bayan shekara goma ko ashirin idonsa ya fara hazo, babu wanda zai tuna da watannin da yake ciki. Matanmu kuwa su ne ke sharar tsakar gida, su ne ke yanka ɗanyen nama su ɗanɗana romo kafin ya dahu, su ne ke aikin naman layya tun safe har dare, kuma da yawansu kwaɗayin ciki kan sa su cin farar ƙasa ko ɓantarar ta jikin bango. A ranar awo ana tara su a yi musu bayanin gidan sauro da maganin ƙarin jini da allurar tsinkau-tsinkau. Me zai hana a ƙara minti biyar a ce musu su dafa nama har jan cikinsa ya ɓace, su wanke wuƙa da faranti kafin su yanka latas da tumatir, su tafasa ruwan sha, su bar cin ƙasa, su bar shan nonon akuya da ba a dafa ba? Wannan ko kobo ba ya ci, umarni kawai yake jira daga ofisoshinku. Ƙasar Faransa ta daɗe tana gwada jinin duk mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba wata-wata har ta haihu, don a kama cutar da wuri a fara magani. Na san aljihunmu bai kai nan ba, ba kuma shi nake nema yau ba. Abin da nake nema shi ne kowane babban asibitin jiha ya kasance yana da kayan wannan gwaji a farashin da talaka zai iya, domin macen da ta yi zazzaɓi da kaluluwa a wuya tana da ciki, ko hoton cikinta ya nuna abin damuwa, a gwada ta a nan gida, maimakon a tura ta ɗakin gwaji na kuɗi ta tambayi farashi ta juya.

Ranka ya daɗe Mai Girma Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi, an kafa ma'aikatarka a 2024 da fatan makiyayi zai ga canji, kuma wannan batu naka ne ta fuska biyu. Ƙwayar da ke taɓa idon yaro ita ce kuma ke sa tumaki da awaki ɓari, makiyayi ya yi asarar 'ya'yan shekara guda bai san dalili ba. A kwatocinmu kuwa za ka tarar da maguna na kai da kawo a tsakanin tarin kayan ciki, suna ci suna ba-haya a wurin da ake feɗe abincin gari. Muna da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa a Vom tun 1924, muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A ba su aiki da kuɗin aiki su auna yawan cutar a garkunanmu, a killace kwatoci, a tanadi ramin binne abin da aka zubar. Sarakunan Fawa kuma a zauna da su cikin mutunci, domin mahauci na jin maganar Sarkin Fawa fiye da ta kowane jami'i. Tsiren da bayansa ya ƙone cikinsa da sauran ja, da balangun da aka sauke da gaggawa don layi ya yi tsawo, su ne abin gyara. Wuta na kashe ƙwayar sarai idan ta ratsa naman.

Shugabannin ƙananan hukumomi, Allah ya taya ku riƙo, iyayenmu na ba mu labarin duba-gari, wanda in ya shigo unguwa sai ya leƙa randa, ya duba rijiya, ya ga inda ake zuba shara. Yau rijiyoyi da dama a buɗe suke kwana, tarin yashin gini na shekara a bakin layi, da dare maguna su tona su binne kashinsu, da rana yara su zauna a kai suna gina ɗakuna. A wannan yashin ne kuma ake samun ƙwan wata tsutsar cikin kyanwa da kare, wadda ita ma kan bi jini ta sauka a idon yaro. Kada a ɗauka sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo ya wadatar, domin ƙwayayen toksoplasma na jure masa. A 1995 sai da cutar ta ɓarke a birnin Victoria na ƙasar Kanada ta hanyar madatsar ruwan sha, mutane da dama suka samu tabo a ido. Tacewa mai kyau da tafasawa su ne ke maganinsu. Ku dawo mana da duba-gari da cikakken iko da albashi a kan kari, a sa wa rijiyoyin unguwa murfi da dakali, a tilasta wa mai gini ya rufe yashinsa, masu sayar da ganye da kwaɗo a kasuwa kuma a samar musu ruwa mai tsabta na wanki.

Masu Girma Gwamnoni, da a ce asibitin garinmu akwai mai iya leƙa cikin ido, da yarinyar nan ba ta yi wata huɗu tana jira ba. Ma'aikacin lafiya na matakin farko yana ganin ja da kwantsa da hakiya, domin a waje suke. Abin da ke bayan ƙwayar ido sai da 'yar fitilar dubawa da horo, kuma yawancin ƙananan asibitocinmu babu ko ɗaya. Likitocin ido a duk Najeriya ba su kai 1,000 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Duk mai ciwon ido mai tsanani sai ya nufi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943, ko asibitin ido mai suna Makkah, ko wani asibitin koyarwa. Allah ya saka wa waɗannan wurare da alheri, amma mutumin ƙauyen Yobe ko Kebbi sai ya sayar da akuya kafin ya isa ƙofarsu. Cibiyar Kaduna na horar da ma'aikatan jinya na ido. Kowane Gwamna ya ɗauki nauyin a tura aƙalla mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma, su dawo a ajiye su a babban asibitin yankinsu da allon gwajin gani da fitilar dubawa da na'urar awon ƙarfin ido, a kuma yi musu alawus ɗin da zai zaunar da su. Kuɗin kilomita ɗaya na titin birni ya isa ya yi wa jiha guda wannan aiki.

Shugabannin Hukumar NAFDAC da na Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna, maganin da aka ɗiga wa yarinyar nan a kemis yana ɗauke da sinadarin sitiroyid, kuma babu wanda ya nemi takardar likita kafin ya miƙa shi. Irin wannan magani yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa jama'a ke son sa, amma idan aka daɗe ana ɗigawa yana haddasa hawan jinin ido da yana, idan kuma akwai gyambo a baƙin ido yana iya sa ya huje. A lokacin apolo kwalabensa kamar gyaɗa ake sayar da su. Ku sa shi cikin magungunan da ake bibiya da gaske, ku riƙa kai ziyarar ba-zata, ku kuma ja kunnen masu tallar maganin ido a tasha da rediyo, waɗanda ke alƙawarin wanke yana da ɗigo uku. Babu ɗigon da ke wanke yana.

A ɗaya gefen, maganin gaskiya na wahalar samu. Likitoci na yaƙar toksoplasma da pirimetamin, wanda iyayenmu suka sani da sunan Daraprim na ranar Lahadi, haɗe da wani maganin da kuma kariyar jini, ko kuma da Septrin, na tsawon makonni kuma ƙarƙashin kulawa. Mai ciki nata daban ne. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa, ƙwayar kan hau musu har ƙwaƙwalwa. Mai Girma Minista, a tabbatar waɗannan magunguna na cikin ma'ajiyar kowane asibitin da ke da sashen ido da na haihuwa, domin mahaifin yarinyar nan sai da ya zaga shaguna shida kafin ya haɗa abin da aka rubuta masa.

Ba zan yi wa shugabanni adalci ba idan na bar su da zaton kyanwa ce babbar mai makantar da mu. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya. A Arewa maso Gabas abin ya kai kashi 6.1, a Kudu maso Yamma kashi 2.8, Arewa maso Yamma kuma ita ce ta fi kowane yanki yawan makafi. Kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43, alhali aikinta bai fi rabin awa ba, a cire ta a sa gilashin roba, washegari tsoho ya ga jikokinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a binciken shi ne, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 masu yawo ƙauye-ƙauye ne suka soka musu tsinke suka tura yanar ciki, kuma mafi yawan waɗannan idanu sun ƙare a makance. Ban ga laifin tsohon da ya miƙa idonsa ba: mai tsinke ya zo har ƙofar gida, ya yi magana da harshensa, ya karɓi kaza ko kwanon gero. Masu Girma Gwamnoni, muna godiya da aikin ido kyauta da ake shiryawa lokaci-lokaci, sai dai aikin kwana biyar ne, a tattara a tafi, wanda idonsa ya samu matsala bayan mako biyu ba shi da wurin komawa. A mayar da aikin yana na dindindin, da ranarsa a kowane mako a babban asibitin kowace shiyya, a kuma sa shi cikin inshorar lafiya ta jiha da asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta tanada, yadda tsoho marar hali ba zai biya ba.

Hawan jinin ido shi ne na biyu, da kusan kashi 17 cikin 100 na makantar, kuma ya fi yana mugunta domin abin da ya ci ba ya dawowa. Yana farawa daga gefe, ba zafi ba ja, yana bin jinin gida, kuma ya fi tsananta a kan baƙar fata. Wancan bincike ya nuna fiye da mutum 90 cikin 100 masu shi ba su san suna da shi ba. Haka ciwon suga ke yi wa jijiyoyin bayan ido a ɓoye. Masu Girma kwamishinoni, ku ba da umarni duk wanda ya haura shekara 40 ya zo asibitin gwamnati da kowane irin ciwo a gwada ganinsa kamar yadda ake gwada hawan jini, duk mai ciwon suga a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara, wanda aka samu da hawan jinin ido kuma a ce ya kawo 'yan uwansa na jini. Maganin ɗigawarsa na har abada ne, tsadarsa ce ke sa mutane su bari bayan wata biyu. A sassauta farashinsa.

Abin da ke ƙarfafa mini guiwar yin wannan kira shi ne mun ga abin da hukuma ke iya yi idan ta sa kanta. Amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar baƙin ido har ya yi fari, ya addabi Sakkwato da Zamfara da Jigawa da Yobe shekaru aru-aru. Da aka haɗa aikin fatar ido da rabon magani da wanke fuskar yara da tsabtar muhalli, tare da ƙungiyoyi irin su Sightsavers, ya ja baya ƙwarai. Ghana ta rabu da shi a 2018. Makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa kuwa, maganin Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 ya karya lagonta, har maƙwabciyarmu Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da ita, a watan Janairun 2025. Damuwata ita ce kusan duk wannan aiki da kuɗin baƙi aka yi shi, kuma tallafin waje na janyewa a kan idonmu, ga ƙauyukan da rashin tsaro ya hana masu rabon magani shiga. Jihohi su ware nasu kason su ƙarasa abin da ya rage, kada a yi sakaci a bakin gaɓa.

Masu Girma kwamishinonin ilimi, akwai yaran da ake kira daƙiƙai a aji, ana dukansu, alhali allo ne ba sa gani, kuma tabarau na 'yan kuɗi kaɗan zai raba su da wannan suna. Malami ɗaya a kowace makaranta, da allon gwaji a jikin bango, ya isa ya tace su a farkon zangon karatu, ido ɗaya bayan ɗaya. Da haka ne kuma za a gano irin yarinyar nan da ido guda ya tafi ɗayan na rufa masa asiri. Kada a tsallake Islamiyyu da tsangayu, domin almajiri ma da ido yake karanta allonsa. Ga jarirai kuma, a koya wa ungozomomi da masu allurar rigakafi cewa idan tsakiyar idon yaro na ƙyalli fari kamar idon mage a hasken fitila, a garzaya da shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba, domin yana iya zama yanar haihuwa, yana kuma iya zama dajin ido da ke kisa in an makara. Rigakafin ƙyanda da ɗigon sinadarin bitamin A da ake bayarwa a makon lafiyar mata da yara su ne suka rage mana hakiya da dundumi. A kai su rugage da sansanonin 'yan gudun hijira.

Masu Girma 'yan majalisun tarayya da na jihohi, alƙaluman da na ambata sun kusa shekara ashirin, kuma manya kawai suka ƙirga. Da su ake ta tsara aiki har yau, bayan jama'a ta ƙaru, ciwon suga ya yawaita, miliyoyi sun bar gidajensu. A sa kuɗin sabon bincike a kasafi, wanda zai haɗa da yara da cututtukan bayan ido. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ku da kuke da ikon duba kasafi, ku nemi a buɗe wa lafiyar ido layinta na kanta, ku kuma bi sawu ku ga an saki kuɗin, domin abin da aka rubuta a takarda ba a sake shi ba bai taɓa cire wa kowa yana ba.

Waɗanda ganinsu ya riga ya tafi su ma amana ce a hannunku. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta samu sa hannu tun Janairun 2019, amma har yau sanda da ɗan jagora da ƙoƙon bara su ne abin da muka tanadar wa makaho, shi kuma ɗan jagoran makarantarsa ta tafi ke nan. A gyara makarantun makafi, a samar da littattafan rubutun makafi da madubin ƙara girman baƙi ga masu ragowar gani, a kuma riƙa zama da Sarakunan Makafi idan za a tsara abin da ya shafe su, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranku ya daɗe, kowace Alhamis ta biyu a watan Oktoba ana bikin Ranar Gani ta Duniya, a yi tattaki a yi jawabi. Muna roƙon kafin ta gaba ta zagayo, kowane Gwamna ya iya tsayawa a gaban jama'arsa ya faɗi ƙananan hukumomi nawa ne suka samu ma'aikacin ido da kayan aikinsa, kowane kwamishina ya nuna takardar umarnin da ya aika wa wuraren awon ciki, kowane Sarki ya ji daga bakin hakimansa cewa saƙon ya shiga gidaje. Yarinyar maƙwabcina ta koma makaranta, tana zaune a layin gaba tana karatu da idon hagu, kuma likita ya ce a riƙa kawo ta dubawa domin cutar na iya tashi. Tafiyar awa uku ce daga garinmu. Don Allah ku kawo mata mai duba idon nan kusa da gida.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ya ɗora muku.